Kekunan Shanu Tara: Tafiyar da Aka Maimaita a Afirka ta Kudu a 1938



Ranar 8 ga Agusta 1938, a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, kekunan shanu biyu suka tashi daga gindin gunkin Jan van Riebeeck, Baturen Holan ɗin da ya kafa zangon Turawa na farko a wurin a 1652. A zamanin nan akwai jirgin ƙasa, akwai mota, har jirgin sama yana tashi. Amma sai aka ɗaure bijimai, aka nufi arewa da tafiyar hawainiya, wata huɗu cur ana bisa hanya. Masu tafiyar sun ce kakanninsu suke tunawa, waɗanda suka yi irin wannan ƙaura shekara ɗari baya. Shekara goma bayan bikin, jam'iyyar da ta fi kowa cin ribarsa ta hau mulki, ta shimfiɗa tsarin wariyar launin fata da duniya ta sani da sunan apartheid.

Ilimin harshe nake karantawa a jami'a, shi ya sa abin da ya fi jan hankalina cikin labarin ga shi ne sunaye: sunan da aka ba matafiya, da na kogi, da na rana, har da na jarirai. Abin da nake so in nuna muku shi ne, duk wanda ya tashi maimaita tafiyar kakanni, rabon gado ya zauna yi. Wanda aka ba matsayi cikin wasan ya samu kaso cikin ƙasa. Wanda aka manta da shi cikin wasan kuwa, ana shirin mantawa da shi ranar rabo.

Tafiyar asali

Bari mu fara da abin da ya faru tun farko. Turawan da ake kira Boer, wato manoma a harshensu, jikokin mutanen Holan ne da Jamus da Faransa da suka yi kaka-gida a yankin Cape. Ingila ta karɓe yankin a 1806, ta zo da dokokinta. A 1828 aka yi dokar da ta daidaita Khoikhoi, ƴan asalin wurin, da Turawa a gaban shari'a. Ranar 1 ga Disamba 1834 dokar hana bauta ta fara aiki, aka kuma ce mai son diyyar bayinsa sai a Landan za a biya shi. Ga ƙarancin filin kiwo, ga yaƙi da Xhosa a iyakar gabas cikin 1834 da 1835. Sai wasu daga cikin Boer suka ga zama ya ƙare musu. Daga 1835 zuwa 1840, mutum tsakanin 12,000 da 15,000 suka ɗaure kaya suka haye kogin Orange, tare da garkunansu da dubban barori baƙaƙe. Ɗaya daga cikin jagororinsu, Piet Retief, ya buga takardar koke-kokensu a wata jarida ta Grahamstown a watan Fabrairu 1837, kuma batun bayi da barori yana ciki ƙarara.

Ƙasar da suka shiga tana da masu ita. A watan Oktoba 1836, a Vegkop, ayarin Hendrik Potgieter ya kara da mayaƙan Mzilikazi, sarkin Ndebele. Boer suka jera kekunansu suka zagaye kansu da su kamar ganuwa, suka kori harin da bindiga, amma aka kore musu dabbobi kaf. Wanda ya fid da su daga wannan rami shi ne Moroka, sarkin Barolong na Thaba Nchu, da ya aika musu shanun ja da abinci. A 1837, da taimakon mayaƙan Griqua da Barolong, suka fatattaki Mzilikazi har ya haye Limpopo zuwa inda ake kira Zimbabwe yau.

A gabas kuma, Retief ya tafi neman ƙasa wurin Dingane, sarkin Zulu. Ranar 6 ga Fabrairu 1838 Dingane ya sa aka kashe shi da mutanensa kimanin ɗari, cikinsu har da barori wajen talatin. Kwana goma sha ɗaya bayan haka mayaƙan Zulu suka faɗa wa sansanonin Boer da dare, aka kashe fiye da mutum 500, mata da yara da yawa, kuma kusan rabin mamatan barori ne. Ramuwa ta zo ranar 16 ga Disamba 1838 a bakin kogin Ncome. Andries Pretorius da Boer kimanin 470, da barorinsu, da wasu mayaƙa baƙaƙe da suka zo daga Port Natal, suka kafa ganuwar kekuna 64. Zulu wajen 3,000 suka mutu a gaban bindiga da igwa. A ɓangaren Boer mutum uku kaɗai suka ji rauni. Mako guda kafin nan, Sarel Cilliers ya jagorance su suka yi bakance cewa in Allah ya ba su nasara za su gina majami'a, su kuma riƙa girmama ranar.

To, wannan shi ne ƙashin labarin. Akwai jaruntaka da wahala a ciki, ba mai musu. Akwai kuma ƙwacen ƙasa da zub da jini ta kowane ɓangare.

Me ya sa sai a 1938?

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Jikokin Boer, waɗanda a lokacin suka fi amsa sunan Afrikaner, ba su ji daɗin banarsu ba ko kaɗan. Ingila ta ci su da yaƙi tsakanin 1899 da 1902, mata da yaransu fiye da 26,000 suka mutu a sansanonin da aka tsare su. Baƙaƙe ma dubbai sun mutu a nasu sansanonin. Daga baya fari da karyewar tattalin arzikin duniya suka kori manoma daga karkara. Binciken da hukumar Carnegie ta fitar a 1932 ya ƙiyasta Turawa matalauta wajen 300,000, kuma mafi yawansu Afrikaner ne. Suka cika unguwannin talakawa na Johannesburg, suna neman aikin lebura a reluwe da ramukan zinariya, inda manyan masu kuɗi Ingilishi suke ji, abokan neman aiki kuma baƙaƙe ne.

A siyasa ma kansu a rabe yake. A 1934 Janar Hertzog da Janar Smuts suka haɗe jam'iyyunsu. D. F. Malan, wanda tsohon limamin coci ne kuma tsohon editan jarida, ya ƙi bin su, ya ware da tasa jam'iyyar ta masu tsattsauran kishin Afrikaner. A zaɓen Mayu 1938 kujera 27 kaɗai ya samu, jam'iyyar gwamnati tana da 111.

Ku lura da wani abu kuma. Shekara biyu kafin bikin, a 1936, majalisar Turawa ta cire baƙaƙen Cape daga rajistar zaɓe ta kowa da kowa, ta kuma ƙayyade cewa ƙasar da baƙaƙe za su iya mallaka ba za ta wuce kimanin kashi 13 cikin ɗari ba. Dokar 1913 ma kashi 7 ta bar musu. Ke nan tambayar wa ke da ƙasa tana da zafi a daidai lokacin da aka ɗaure bijiman nan.

Wanda ya shirya tafiyar shi ne Henning Klopper, ma'aikacin reluwe, shugaban ƙungiyar harshe da al'adu ta ma'aikatan jirgin ƙasa da tashoshin ruwa, ATKV, wadda aka kafa a 1930. Klopper yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar asiri ta Broederbond a 1918. Ku riƙe wannan: ƙungiyar harshe ce ta fito da kekunan.

Yadda bikin ya gudana

An fara da keke biyu, ɗaya mai sunan Piet Retief, ɗaya Andries Pretorius. Da garuruwa suka yi ta roƙon a biyo ta wajensu, sai aka ƙara har suka kai tara, kowane da hanyarsa, suka ratsa garuruwa da ƙauyuka wajen 500. An sa wa wasu sunayen jagorori, wasu sunayen yaran da suka sha wuya a tafiyar asali, kamar Dirkie Uys da Johanna van der Merwe, ɗaya kuma aka kira shi Vrou en Moeder, wato mace da uwa.

Abin ya wuce yadda masu shirin suka zata. Maza suka bar gemu. Mata suka ɗinka dogayen riguna da huluna masu faɗin baki irin na kakanninsu. Ana fita bayan gari bisa dawakai a tarbi keken kamar ana tarbar sarki. Wasu suka ɗaura aure a gefensa, wasu suka kawo jarirai aka yi musu baftisma a inuwarsa. Mutane suna shafa ƙyalle a baƙin man ƙafar keken su adana. A garuruwa da dama an zuba ɗanyen siminti aka bi da keken ta kai don sawunsa ya zauna, wasu sawayen suna nan har yau. Da dare a hura wuta, a gasa nama, a yi waƙoƙi da addu'a da jawabai. Yaran ƙungiyar matasa ta Voortrekkers kuma suka yi gudun ba-ni-in-ba-ka da sandar wuta tun daga Cape Town har Pretoria, tafiyar fiye da kilomita 1,400.

Ranar 16 ga Disamba 1938 aka rufe biki a wuri biyu. A bisa wani tudu kusa da Pretoria, fiye da mutum 100,000 suka taru aka aza harsashin babban ginin tunawa da Voortrekker. An yi rigima kan ko za a rera taken sarkin Ingila a wurin, rigimar da ta sa Firaminista Hertzog bai aza tubalin ba, sai mata uku jikokin jagororin tafiyar suka aza. A bakin kogin Ncome kuwa Malan ne ya yi jawabi. Ya gaya wa jama'a cewa akwai sabuwar ƙaura, ita ce ta shiga birane, kuma sabon filin dagar shi ne kasuwar neman aiki, inda Bature talaka yake gaba da gaba da baƙar fata. A nan ne mai wasan ya cire abin rufe fuska. Zancen 1838 ake yi da baki, amma 1938 ake nufi.

Gani ya kori ji. Littafin tarihi sai wanda ya yi lakkwal, shi ma sai ya ga dama. Amma keken da ya shigo garinku, ka taɓa shi da hannunka, ka ji warin shanunsa, ka ga tsohuwarka tana hawaye, wannan ba ka gardama da shi. Ƙarfin kwaikwayon tarihi ke nan, haɗarinsa ke nan kuma.

Abin da aka gyara a hanya

In muka ɗora tafiyar 1938 bisa ta asali, za mu ga inda tela ya rage da inda ya ƙara.

Na farko, mafari. Masu ƙaurar asali daga gundumomin gabas suka tashi, irin su Graaff-Reinet da Uitenhage da Grahamstown, ba daga Cape Town ba. Mafi yawan masu jin harshen Holan a Cape ko motsi ba su yi ba. Tashi daga gindin gunkin Van Riebeeck ya ɗinke 1652 da 1838 da 1938 ya mai da su zare ɗaya, ya kuma ba jikokin waɗanda suka zauna gida damar shiga gadon waɗanda suka tafi.

Na biyu, addini. An nuna tafiyar kamar fitar Bani Isra'ila daga Masar. Alhali majalisar cocinsu ta Cape ta yi tir da ƙaurar a 1837, kuma ba wani naɗaɗɗen limaminta da ya bi su. Shi kansa bakancen, masanin tarihi Leonard Thompson ya nuna a littafinsa na 1985 cewa an yi shekaru ba a kula da shi sosai ba, sai daga baya aka farfaɗo da shi lokacin da siyasa ta buƙace shi.

Na uku, haɗin kai. Jagororin asali sun yi ta saɓani kan shugabanci da inda za a dosa. Potgieter ma barin Natal ya yi cikin fushi a 1838 bayan an zarge shi da gudu a fagen fama. A 1938 aka jera sunayensu kamar tsintsiya mai maɗauri ɗaya.

Na huɗu, kuma shi ne babba, mutanen da aka goge. Bikin na Turawa ne, labarin na Turawa ne. Baƙar fata in ya fito a ciki, to, maƙiyi ne mai mashi. Moroka da shanunsa, da barorin da suka mutu tare da iyayen gidansu, da waɗanda suka tsaya cikin ganuwa a Ncome, duk sun koma gefen labari. Daga nan zuwa cewa an tarar da ƙasar ba kowa, wai yaƙe-yaƙen zamanin Shaka sun share ta, taki ɗaya ne, kuma an daɗe ana koyar da haka a makarantu. Abin mamaki, tun 1933 jami'ar Pretoria ta fara tono a Mapungubwe, kusa da Limpopo, inda aka samu kayan zinariya na wata masarautar baƙaƙe ta ƙarni na 13. Shaidar tana hannu, ba a dai gayyace ta biki ba.

Aikin da sunaye suka yi

Yanzu bari in shigo gonata. Kalmar Voortrekker daga guda biyu aka gina ta: voor, gaba, da trekker, mai ja ko mai ƙaura. Ma'ana masu shigewa gaba, masu buɗe hanya. Su mutanen 1836 sun fi kiran kansu emigranten, wato masu barin ƙasa. Bambancin ba ƙarami ba ne. Mai barin ƙasa baya yake kallo, yana gudun wani abu, kuma baƙo ne a inda ya sauka. Mai shigewa gaba kuwa yana da mabiya, kalmar da kanta tana cewa akwai al'umma a bayansa da yake share wa wuri. Sunan Groot Trek, babbar ƙaura, shi ma daga baya ya kafu. Ɗan jarida Gustav Preller ya taka rawa sosai wajen yaɗa wannan hoto, da littafinsa kan Retief da kuma fim ɗin De Voortrekkers na 1916 da ya rubuta labarinsa.

To, ga abokiyar wannan kalma. Baran da ke bin Boer fagen yaƙi yana kula da dawakai, sunansa agterryer: agter, baya, ryer, mahayi. Na gaba da na baya ke nan, harshe ya riga ya raba wuri. Amma duk wanda ya san aikin keken shanu a ƙasar ya san akwai touleier, mai jan igiya, wanda ke tafiya a ƙasa gaban bijimai yana nuna musu hanya, kuma galibi yaro ne daga cikin barori. In dai shigewa gaba ake magana, ƙafar wa ta fara taka ƙasar?

Ga wata kuma. A yarjejeniyar 1852 da Ingila ta amince da ƴancin Boer na hayin kogin Vaal, an sa sharaɗin ba bauta. Sai yaran da ake kamowa wurin hari aka riƙa kiransu inboekelinge, wato waɗanda aka shigar cikin littafi, a matsayin masu koyon aiki. An sake suna, yaron dai bai koma wurin uwarsa ba.

Kogin da Zulu ke kira Ncome ya zama Bloedrivier, kogin jini. Garin da aka kafa kusa da inda aka kashe mata da yara aka sa masa Weenen, wato kuka. A 1938 tituna da yawa a faɗin ƙasar suka koma titin Voortrekker. Har jarirai ba su tsira ba: an raɗa wa wasu ƴan mata Eeufesia, daga kalmar bikin cika shekara ɗari, wasu Ossewania, daga kalmar keken shanu. Yarinyar da aka sa wa irin wannan suna, duk kiran da aka yi mata har tsufanta tunatarwa ce.

Shi ma harshen Afrikaans yana cikin abin da aka yi wa wanka. Masu ƙaurar asali da harshen Holan suke rubutu, Baibul ɗinsu ma na Holan ne. Afrikaans a bakin jama'ar Cape ya tashi, tsakanin Turawa da Khoikhoi da bayin da aka kawo daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da gabashin Afirka, har masu ilimi suna yi masa ba'a da harshen madafa. Sai a 1925 ya zama harshen hukuma, Baibul ɗinsa kuma ya fito a 1933. Ga abin da zai ba ku sha'awa, ku da kuka san ajami: cikin rubuce-rubucen Afrikaans na farko-farko akwai na Musulmin Cape da haruffan Larabci, kamar littafin fiƙihu na Abu Bakr Effendi, Bayan al-Din, da aka buga a Istanbul a 1877. Harshen da aka ɗora bisa kekuna a 1938 a matsayin tutar farar fata, almajiran Cape suna cikin waɗanda suka fara rubuta shi. Yadda aka sauke barori daga labarin keken, haka aka sauke waɗannan daga labarin harshen.

Abin da ya biyo baya

A watan Fabrairu 1939 aka kafa ƙungiyar Ossewabrandwag a Bloemfontein, sunanta ma daga keken ne, masu gadin keken shanu. Ta fara da sunan al'ada, ta ƙare tana goyon bayan Jamus ta Hitila a yaƙin duniya na biyu. Ɗaya daga cikin manyanta, John Vorster, an tsare shi a 1942, daga baya ya zama firaminista daga 1966 zuwa 1978. A 1939 ɗin dai aka yi babban taron tattalin arzikin Afrikaner, aka fara tara kuɗi don kafa kamfanoninsu. A zaɓen Mayu 1948 Malan da abokan ƙawancensa suka ci kujera 79, duk da ƙuri'unsu ba su kai na ɓangaren Smuts ba. Ranar 16 ga Disamba 1949 Malan, yanzu firaminista, ya buɗe ginin Pretoria, da katangarsa mai siffar kekuna 64, da ƙofar rufin da ke sako hasken rana bisa dutsen tunawa da tsakar ranar 16 ga Disamba. Klopper shi ma ya zama kakakin majalisa daga 1961 zuwa 1974.

Ba ina cewa bijimai ne suka kawo apartheid ba. Akwai yaƙin duniya, akwai kwararar baƙaƙe zuwa birane, akwai yadda aka yanka mazaɓu don karkara ta fi nauyi. Amma bikin 1938 ya ba talaka da attajiri, ɗan Cape da ɗan Transvaal, labari guda da za su ce namu ne, ya kuma nuna musu wanda ba ya ciki. Sauran aikin ƴan siyasa suka ƙarasa.

Ɗaya gaɓar kogin

Baƙaƙe ba su bar ranar ga Turawa su kaɗai ba. Ranar 16 ga Disamba 1930, a Durban, ma'aikata suka taru suna ƙona takardun izinin yawo da aka tilasta musu ɗauka, ƴan sanda suka afka musu, jagoransu Johannes Nkosi ya rasa ransa. Ranar 16 ga Disamba 1961 ce Umkhonto we Sizwe, reshen ANC mai ɗauke da makami wanda Nelson Mandela ya shugabanta, ta fara kai hare-hare. Da gangan aka zaɓi ranar.

A 1988 aka sake fito da kekuna don cika shekara 150, amma a wannan karon gida biyu aka yi: na gwamnatin P. W. Botha, da na masu tsattsauran ra'ayi da ke ganin gwamnati ta sayar da su. Wasan da ya haɗa kai a 1938 shi ya tona rabuwar kai a 1988. Shekara shida bayan haka Mandela ya zama shugaban ƙasa.

Ku bi sunayen ranar ku ga tarihin ƙasar a taƙaice. Da fari Ranar Dingane ce. A 1952 ta koma Ranar Alkawari, a 1980 Ranar Bakance, daga 1995 kuma Ranar Sulhu. Sabuwar gwamnati ba ta rushe ginin Pretoria ba. Ta gina nata wurin tunawa, Freedom Park, a tudun da ke fuskantarsa. A bakin kogi kuma, a hayin da ke kallon kekunan tagulla na Boer, aka buɗe wurin tunawa na Ncome a 1998 don ba da labarin ta bakin Zulu, daga baya aka yi gada tsakanin gaɓoɓin biyu. Gada ba ta daidaita labaran biyu ba, ba ta kuma warware rikicin mallakar ƙasa da har yau ake yi ba. Ta dai sa mai ziyara yana iya hayewa ya ji ɗaya bakin.

Kammalawa

Kada wani ya ɗauka Afirka ta Kudu kaɗai ke wannan. A Amurka, a 1997, mabiya cocin Mormon sun maimaita tafiyar kakanninsu ta 1847 da kekunan dawaki da na hannu, daga Nebraska zuwa Utah. A jihar Oklahoma kuma an daɗe ana sa ƴan firamare kwaikwayon tseren kama filaye na 1889, har iyaye ƴan asalin ƙasar suka yi ta koke cewa ana sa ɗiyansu wasa da ranar da aka raba ƙasar kakanninsu. Ba kowane irin wannan biki ne ke haifar da abin da na 1938 ya haifar ba. Mutum yana da haƙƙin ya tuna wahalar kakanninsa, waiwaye ai adon tafiya ne.

Sai dai in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma a Hausa muna da tamu kalmar. In ana ba da tarihin gari sai a ce wane ne ya sari daji. Kalmar daji ta riga ta yanke hukunci cewa ba kowa a wurin, alhali sau da yawa in ka matsa wa mai ba da labari da tambaya, sai mafarauci ko makiyayi ko masu tsafin wurin su fito daga bayan kalmar. Mu ne kuma masu rubuta wasannin kwaikwayo a makarantu da ƙungiyoyin matasa, mu ne za mu rubuta littattafan gobe. Saboda haka duk ranar da aka ba ɗayanmu aikin shirya wasan kafuwar wani gari ko tafiyar wasu kakanni, ina roƙon ya zauna da takardar rabon matsayi ya yi mata tambaya uku. Wa aka tarar a wurin, kuma wa zai fito a madadinsa? Wa ya ɗauki kaya, ya ja igiya, ya ɗebo ruwa, kuma yana da suna cikin wasan? Sannan wa ke biyan kuɗin bikin a bana, me yake nema da shi?

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa mu yi adalci ga na gaba da na baya.